Sharhi: Kayan yoga na tsarin Iyengar ga mai tsohon ciwon gwiwa, idon sawu da kafaɗa

Kayan da nake sharhi a kansu ba su da yawa: tabarmar roba ɗaya, bulo biyu, bel na auduga mai zoben ƙarfe, da bargo. Su ake haɗawa a sayar wa mai fara yoga, wato motsa jikin nan na miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi, kuma a kansu aka gina tsarin da ake kira Iyengar, wanda na yi amfani da shi wajen aiki a kan tsofaffin raunukan gaɓoɓi, irin targaɗen da ke dawowa duk shekara ko gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa sosai tun bayan faɗuwa a babur. Ra'ayina shi ne kayan sun ci kuɗinsu, tsarin kuma yana aiki, matuƙar mutum ya gane abin da gaɓarsa ta rasa. Mai tsohon rauni yakan ɗauka sandarewa ce kawai matsalarsa, sai ya duƙufa kan miƙa da ja. Alhali mafi yawan lokaci abin da ya tafi shi ne ƙarfin tsokar da ke riƙe da gaɓar, da kuma iya sarrafa ta a lokacin motsi. Amfanin bulo da bel shi ne suna ba ka damar auna nauyin da kake ɗora wa wurin, ka ƙara shi kaɗan-kaɗan yadda ake ƙara magani.

Mai tsarin, B.K.S. Iyengar, ɗan Indiya ne da aka haifa a 1918, ya rasu a 2014. Ya taso da yawan rashin lafiya, har da maleriya da taifot da tarin fuka, kuma a birnin Pune ya shafe rayuwarsa yana koyarwa, inda aka buɗe cibiyarsa a 1975. Shi ya yaɗa amfani da bulo, igiya, kujera da bango domin wanda jikinsa bai kai ba ya samu yin motsin ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba. A wannan tsari ana tsayawa a matsayi guda a daɗe, ana gyara zaman ƙafa da gwiwa da ƙugu ɗaya bayan ɗaya. Wannan jinkirin ne ya sa ya dace da mai rauni fiye da irin yogar da ake bin kiɗa ana sauya matsayi da kowane numfashi.

Tabarmar da ta fi dacewa ita ce mai kaurin milimita 4 zuwa 6, tsawonta kuwa yawanci tsakanin santimita 173 da 183 ne, faɗinta kimanin 61. Akwai wata mai laushi sosai, kaurinta milimita 10 ko 15, wadda masu ciwon gwiwa suke rububin saye don tana da daɗin durƙuso. Ban ba da shawararta ba. Ƙafa tana nutsewa a cikinta, idon sawu ya yi ta rawa, kuma tana miƙewa idan ka buɗe ƙafafu, sai ka ji kana zamewa a hankali. Gara siririyar, in za ka durƙusa ka ninka bargo a ƙarƙashin gwiwa. Sabuwar tabarmar roba takan zo da santsi a samanta, a wanke ta da ruwa da ɗan sabulu a shanya a inuwa kafin a fara. Rana tana cinye ta, musamman ta ɗanyen roba, har ta fara marmashewa. A kan tayil kuma a goge ƙura tukuna, domin a lokacin hunturu ƙurar da ke ƙarƙashi ita ke sa tabarmar gaba ɗaya ta gudu da mutum.

Bulo iri uku ne a kasuwa: na soso, na ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, da na katako. Girman da aka fi samu shi ne santimita 23 da 15 da 10, akwai kuma ƙarami mai 23 da 12 da 7.5. Kowane bulo tsayi uku yake bayarwa gwargwadon yadda ka ajiye shi. Na soso ba shi da nauyi, yana da daɗin zama da matsewa tsakanin cinyoyi, amma idan ka tsayar da shi ka dafa da nauyinka yana lotsawa ya karkace, wuyan hannu ya bi shi. Don dafawa na ɓawon itace ya fi, ba ya motsi kuma ba ya santsi da gumi. In da hali a haɗa ɗaya na soso, ɗaya mai tauri. Kafinta ma zai iya yanka maka na katako a kan ƙaramin awon nan, ya goge kusurwoyin har su daina kaifi. Bel kuwa a nemi mai tsawon mita 2.4 ko fiye. Na mita 1.8 yana gajarta ga dogon mutum mai tsaurin cinya. Mai zoben ƙarfe biyu ya fi mai maƙalar roba riƙo: ka zura bakin ta cikin zobban biyu, ka dawo da shi ta saman na farko ka cusa ƙarƙashin na biyu. Na leda yana zamewa, yana kuma cin tafin hannu.

Gwiwa ce wurin da kayan nan suka fi nuna amfaninsu, ita ce kuma wurin da yoga ta fi yi wa mutane ɓarna. Aikinta lanƙwasawa da miƙewa ne, murɗawar da take iya ɗauka kaɗan ce. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma tsakiyarsu ba ta samun jini sosai, shi ya sa in sun yage ba sa saurin warkewa. Zaman nan da aka fi sanin yoga da shi, wanda ake harɗe ƙafafu a ɗora kowace a kan cinyar ɗaya, juyawar da yake buƙata daga ƙugu ya kamata ta fito. Idan ƙugun bai ba da ita ba, mutum ya kama ƙafa da hannu ya jawo, gwiwa ce ke biya: gefenta na ciki ya matse guringuntsin. Mai tsohon ciwon gwiwa ba shi da abin nema a wannan zama, ko da malami ya ce a gwada. In ana so a sassauta ƙugu, a kwanta rigingine, a dafa tafin ƙafa ɗaya a bango, a ɗora idon sawun ɗayar a kan cinyarta. A nan nauyin jiki ba ya kan gwiwa, kuma matsowa ko ja da baya daga bangon shi ke ƙara ja ko rage shi.

Aikin ƙarfafawa da motsin da ake kira gada ake fara shi. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, dugadugai kimanin tsawon tafin hannu daga mazaunai, bulon soso tsakanin cinyoyi ta siririn gefensa. Ka matse shi matsakaicin matsi, ka ɗaga ƙugu har cinya da ciki su yi layi ɗaya, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 kana numfashi, sau biyar. Idan bayan cinya ya ɗaure, dugadugan sun yi nisa, ka matso da su. Idan gaban gwiwa ne ya yi zafi, sun matso da yawa. Idan kuma kwankwaso ne ke ciwo, ɗagawar ta wuce kima, baya ne ke gantsarewa maimakon mazaunai su yi aikin.

Daga nan sai zaman kujera a jikin bango. Baya a manne da bango, ƙafafu santimita 40 zuwa 50 a gaba, ka sulale ƙasa har gwiwa ta lanƙwashe rabin yadda take yi a kan kujera. Kada a fara da zurfi, domin matsin da ke tsakanin ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya yana ƙaruwa ne da zurfin lanƙwasa. Daƙiƙa 20 sun isa a farko, a kai su 45 cikin makonni, sau huɗu ko biyar da hutun minti ɗaya a tsakani. Rawar cinya a ƙarshen riƙon ba matsala ba ce. Zafi mai tsini a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa shi ne alamar a ɗan ɗago sama.

A matsayin da ake kira jarumi na biyu, inda ake buɗe ƙafafu a lanƙwasa ta gaba, kuskure ɗaya ne ke maimaita kansa: gwiwar tana faɗawa ciki, wajen babban ɗan yatsa. Dalilin yawanci raunin tsokar gefen ƙugu ne, wani lokaci da zubewar tsakiyar tafin ƙafa. Tsakiyar ƙoƙon gwiwa ya kamata ya kalli ɗan yatsa na biyu. Gyaran da na ga ya fi aiki shi ne ka tsaya a gefen bango, ka sa bulo tsakanin bangon da wajen gwiwar, ka riƙe shi da tura gwiwa waje. Da zarar ta kauce, bulon zai faɗi, ka ji ƙararsa, ba sai wani ya gaya maka ba. Wanda ƙafar ba ta iya ɗaukarsa tukuna ya sa kujera a ƙarƙashin cinyar gaba. Akwai kuma masu gwiwar da ke wuce miƙewa ta koma baya, musamman bayan jijiyoyinta sun taɓa yagewa. Su a duk tsayuwar da ƙafa take a miƙe, su jingina bulo a karkace a bayan sha-raɓa ya tokare ta, su kuma ɗaga ƙoƙon gwiwa da tsokar cinya. Jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi kamar robar wando take, in ta saki ba ta komawa yadda take, don haka duk jan da ka ji a cikin gaɓar kanta ba ci gaba ba ne. A tsakiyar tsoka ake so a ji shi.

Bel ɗin yana shigowa ne wajen bayan cinya. A kwance, ka rataya shi a tafin ƙafa, ka ɗaga ƙafar a miƙe zuwa inda ja ya fara, ɗayar kuma a lanƙwashe tana taka ƙasa. Daƙiƙa 30, sau biyu ko uku kowane ɓangare. Ba a jawo ƙafa zuwa fuska da ƙarfin hannu. Masu yin haka su ne ke ƙarewa da ciwo a ƙasan mazaunai, daidai inda agarar tsokar ta kama ƙashi, kuma ciwo ne mai daɗewa. In ka ji tsikari ko wani abu kamar lantarki yana sauka zuwa ƙafa, jijiyar saƙo ka ja, ka sauke ƙafar kaɗan ka saki yatsun.

Abin da ya fi damun yawancin masu tsohon ciwon gwiwa a wajenmu shi ne zaman tahiya da tsuguno. Tafiya tana buƙatar gwiwa ta lanƙwashe kimanin digiri 60, hawa bene kusan 90, amma zama a kan dugadugai yana kai ta wajen 150 ko fiye, zaman tahiya kuma yana haɗawa da ɗan murɗawa. A nan ne bulo biyu da bargo suka fi biyana. Ka durƙusa a kan bargo, ka ɗora bulo biyu a kwance, ɗaya a kan ɗaya, tsakanin ƙafafu, ka ɗora wani ninkin bargo in tsayin bai isa ba, ka zauna a kai. Kafin ka zauna, ka nannaɗe ƙaramin tawul ya kai kaurin yatsu biyu, ka cusa shi can cikin lungun bayan gwiwa, yana rage matsewar da ake ji a ciki. In saman ƙafa yana zafi, wani tawul ɗin a ƙarƙashin idon sawu. Tsayin da ya yi daidai shi ne wanda kake jin ja a gaban cinya, gwiwar kuma shiru. Ka fara da daƙiƙa 30, ka kai minti biyu, sannan ka rage tsayin da ninki ɗaya na bargo, kamar santimita biyu, ka zauna a haka mako ɗaya ko biyu kafin ka sake ragewa. Masu gaggawa sukan cire bulo guda a lokaci ɗaya, santimita 7 ko 10 ke nan, washegari gwiwa ta kumbura a koma baya. Wata gwiwar kuma, musamman wadda aka yi wa aiki ko ƙashi ya tsiro a gefenta, tana da iyakar da ba za ta wuce ba. Mai irin wannan ya ci gaba da sallarsa a kan kujera kamar yadda addini ya sauƙaƙa masa, ya yi aikin ƙarfin don tafiya da hawa bene.

Idon sawu ya fi sauƙin sha'ani, kuma sakamakonsa ya fi saurin bayyana. Yawancin targaɗe ƙafa ce ke juyawa ciki, jijiyoyin gefen waje su ja ko su yage. Bayan ciwon ya tafi, abin da ke saura shi ne jinkirin jiki wajen gane cewa ƙafar ta fara karkata, shi ya sa ɗan dutse ko bakin kwata ke sake kayar da mutum. Tsayuwar bishiya, wato tsayawa da ƙafa ɗaya, ita ce maganin wannan. A yi ta ba takalmi, a kan siminti, a sauka daga tabarmar. Ka fara da yatsa ɗaya a bango na daƙiƙa 30, sannan ba dafawa, sannan kana juya kai hagu da dama, sannan ido a rufe, daga ƙarshe a kan ninkakken bargo. Ba a haye mataki sai wanda ake kai ya zauna daram sau uku a jere. Ɗaya ƙafar a ajiye ta a ƙwauri ko can saman cinya, ba a kan gefen gwiwa ba. A haɗa da ɗaga dugadugai, daƙiƙa uku hawa uku sauka, sau 10 zuwa 15, da bulon soso a matse tsakanin idon sawun biyu don kada su buɗe waje. Don sanin ko gaɓar ta sandare, ka fuskanci bango ka kai gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta ɗaga ba, ka auna nisan babban yatsa daga bangon. Lafiyayyar ƙafa takan kai wajen santimita 10, amma abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin ƙafafunka biyu.

A kafaɗa ne nake da ƙorafi a kan yadda ake koyar da yoga gaba ɗaya. Saukar nan da ake yi kamar za a kwanta rub da ciki, nauyi a kan hannuwa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ana maimaita ta sau da yawa a darasi ɗaya, kuma da gajiya ta zo kan kafaɗa yake zubowa gaba ya matse agarar da ke wurin. Mai tsohon rauni ya bar ta. Ya yi aikinsa a bango: tafin hannu a bango daidai ƙirji, ya ja da baya har jiki ya duƙa, ya tsaya inda ciwo bai fara ba. Bel ma yana da amfani a nan. Ka yi masa zobe daidai faɗin kafaɗunka, ka sa a wuyan hannuwa, gwiwar hannu a lanƙwashe a jikin haƙarƙari, ka tura waje daƙiƙa 10, sau goma. Wannan yana tayar da ƙananan tsokokin da ke riƙe kan ƙashin a cikin gurbinsa. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa kuwa ya kiyayi matsayin mai shirin jifa, hannu a ɗage gefe an juya shi baya, domin mafi yawan gocewa ta gaba take faruwa kuma a wannan matsayin. Riƙe bel da hannu biyu a kewaya da shi ta saman kai zuwa baya, wanda ake yawan nunawa a bidiyo, yana bi ta nan ɗin daidai. Kafaɗar da ta daskare ta ƙi ɗaguwa ko da wani ne ya ɗaga ta wata cuta ce daban, an fi ganinta ga masu ciwon suga, kuma tana son likita ya duba.

Ma'aunin da nake bi wajen ciwo shi ne wanda likitocin fisiyo, wato masu gashin ƙashi, ke amfani da shi. In ka ƙiyasta zafi daga sifili zuwa goma, uku ko ƙasa da haka a lokacin motsa jiki ba laifi, da sharaɗin ya lafa kafin awa 24 kuma gaɓar ba ta kumbura ba. Safiyar washegari ce ke faɗin gaskiya. In ta tashi da kumburi ko tsauri fiye da jiya, a rage rabin lokacin riƙo ko zurfin, ba a daina gaba ɗaya ba. Minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, ya fi awa biyu ranar Asabar. Ƙarfin tsoka yakan fara bayyana tsakanin mako shida da goma sha biyu, agara kuma ta fi haka jinkiri.

Binciken likitoci yana goyon bayan abin daidai gwargwado. A jagorar da ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓoɓi ta Amurka ta fitar a 2019, an ba da shawarar yoga ga masu zaizayewar gwiwa, amma shawara ce mai sharaɗi, ƙarfinta bai kai na motsa jiki gaba ɗaya da rage ƙiba ba. Haka nake ganinta ni ma. Ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, ba ta ɗinke jijiyar da ta tsinke, kuma ƙashin da aka yi wa ɗori ya haɗe a karkace ba zai miƙe da bulo ba. Gwiwar da ke maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take sakin mutum yana cikin tafiya, gaɓar da ta yi zafi da kumburi tare da zazzaɓi, ciwon da ke hana barci, ƙafa ko hannun da ke mutuwa, duk waɗannan asibiti suke so kafin tabarma. Mai sikila da ke jin ciwo a makwancin cinya ko yana ɗingishi ya nemi hoto tukuna, domin kan ƙashin cinya yana iya mutuwa saboda ƙarancin jini, kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya a kansa ƙara lalata shi take yi. Asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi, kuma zuwa ko sau ɗaya a auna gaɓar a gaya maka motsin da za ka guje wa yana sauya yadda za ka yi amfani da kayan nan.

Rashin malami shi ne babban giɓin. Ƙwararrun malaman Iyengar sai sun shafe shekaru suna koyo kafin a ba su shaida, kuma ba su da yawa a Afirka ta Yamma, don haka yawancin masu farawa da bidiyo a waya suke koyo. Bidiyo ba ya ganin gwiwarka. Abin da ke rage wannan matsala shi ne ka jingina wayar a ƙasa daidai tsayin gwiwa, ka ɗauki kanka ta gaba, ka kalla bayan ka gama. Karkatar da ba ka ji a jiki ba za ka gan ta ƙarara. A zaɓi darasin da aka yi don masu rauni ko tsofaffi, mai tafiya a hankali, a bar masu alkawarin tsaga ƙafa cikin kwana talatin. A bar kuma yogar da ake yi a ɗaki mai zafin digiri 40, domin zafi yana sa mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba. A watannin bazara da sassafe ya fi, kafin a ci abinci mai nauyi.

Yoga ta samo asali ne daga al'adun addini na Indiya, kuma darussan Iyengar da dama suna buɗewa da wata waƙar girmamawa ga Patanjali, malamin Indiya na zamanin da wanda ake jingina wa littafin tushen yoga, wasu tsare-tsaren kuma suna da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ta ƙunshi irin waɗannan a 2008. Babu ɗaya daga cikin motsin da na bayyana a sama da ke buƙatar furta wani abu ko sunkuya wa wani abu, kuma da yawansu likitocin fisiyo suna koyar da su da wasu sunaye. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa na addini kafin ya shiga aji, ko ya karɓi jerin motsin daga hannun likitan fisiyo ya yi su a gida da bulonsa da bel ɗinsa.